Jan Zare a Alkyabbar Gaspar

Shafi na 17

Masu yi mini tuni tun jiya, na ji ku. Bashin shafi ne a kaina, ga shi na kawo, kowa ya karɓi nasa. Ke kuma da kika ce Kaka Deolinda ta cika shisshigi, ki bari ki raini yaro da hannunki, ki tura shi Coimbra karatu, sannan ki dawo mu yi magana.

Mun tsaya a inda ta sauko daga motar ƙauye da sassafe, tukunyar naman akuya a hannu, cuku a kwando, alhali sai da yamma jikanta Gaspar ya ce ta zo bikin gama karatunsa.

*

Abílio ne ya buɗe mata ƙofar gidan ɗaliban, ido ɗaya a rufe. Shi ne 'yan gidan suke kira Dattijo, don ya riga kowa shiga jami'a, kuma har yau bai ga dalilin fita ba.

"Gaspar barci yake, Dona Deolinda. Duk gidan barci muke. Jiya mun kwana muna..." Ya dubi fuskarta. "Muna karatu."

"Na jiwo warin karatun tun daga bakin ƙofa. Koma ka kwanta, Dakta."

Ya koma abinsa.

Deolinda ba ta iya zaman banza ba. Ta wanke kwanukan da suka fara fitar da gashi, ta share kicin, ta kori wata kyanwa daga cikin tukunya. Tana juyowa sai ta ga alkyabbar a rataye jikin kujera.

Ta gane ta. Baƙar alkyabbar ɗalibai ce, irin wadda kowannensu yake yafawa a garin nan. Akuyarta mafi nono ta rabu da ita kafin yaron nan ya sa wannan tufa a kafaɗa.

Ta ɗaga ta da hannu biyu. Sai da ta zauna.

Taɓo. Kakin kyandir. Jirwayen giya. Gefenta na ƙasa kuwa kamar karnuka sun yi rabo a kansa, yaga nan, yaga can.

"Wayyo ni Deolinda. Haka marayan nan yake yawo a gaban malamai?"

Ta zaro allura daga ƙirjin rigarta.

Gefen dama ta fara bi, ɗaya bayan ɗaya, ɗinkin da ko kai ka yi sai ka neme shi. Gefen hagu lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Da ta zo tsakiyar baya sai ta tarar da babbar, tsawon tafin hannu. Kusa da ita, an naɗe bakin yadin an ɗame, kamar ana ɓoye wani abu. Ta buɗe. Wata 'yar ƙaramar yaga ce da aka riga aka ɗinke da rawayan zare, ɗinki kamar sawun kaza.

Ta yi tsaki. Ta warware shi, ta naɗe rawayan zaren a yatsa ta jefa a aljihu, don ita ba ta yar da zare. Ta sake ɗinke wurin da baƙi.

A nan baƙin zarenta ya ƙare.

Saura babbar. Ta laluba kwando, ja kawai ta samu. Ta ɗan yi jim, sai ta hango jakar takardun Gaspar a kan tebur da jajayen ƙyallayenta suna reto. Ja ai launinsu ne, masu karatun shari'a. Har daɗi ta ji. Ta ninka zaren biyu, ta yi masa ɗinki mai kyau, a fili, yadda kowa zai san yaron nan yana da mai kula da shi.

Daga nan ta kai ta wurin wanki, ta ba ta shuɗin sabulu har sai da ruwa ya daina fitowa baƙi. Ta hau bene, ta shanya ta a igiyar tagar da ke kallon titi, bayanta a waje, don rana ta fi bugun nan.

*

Ihun Abílio ne ya tashi gidan.

"Gaspar! Gaspar, fito! An yi mana mutuwa!"

Deolinda ta leƙo daga kicin da ludayi. "Wa ya mutu?"

Abílio yana tsaye a saman bene, hannu biyu a ka. "Dona Deolinda, wa ya taɓa alkyabbar nan?"

"Wa kuwa zai taɓa, in ba wadda ta san darajarta ba?"

"Wankewa kika yi?"

"Da ka ga ruwan da ya fita."

"Da sabulu?"

"A'a, da man zaitun. Da me ake wanki a garinku?"

Sai ga Gaspar ya fito da gajeren wando, gashi a tsaye. Ya gan ta, fuskarsa ta washe.

"Kaka! Ba da yamma muka ce ba?"

"Wakena ya nuna da wuri, na ce me zan zauna yi. Zo nan in gan ka. Ka rame."

Ya rungume ta, ya sumbaci goshinta. Abílio ya kamo shi ta wuya, ya ja shi taga. Deolinda ta bi su a hankali, tana jiran godiya.

Gaspar ya leƙa. Ya daɗe a leƙe. Da ya juyo, leɓensa ya yi fari.

"Kaka... me kika yi?"

"Abin da ya kamata a yi tun bara."

"Ba a wanke ta, Kaka."

"Na ga alama."

"Ba haka ba! Ba a wankewa, har abada. Ruwan sama kaɗai ke taɓa ta. Duk tabon da ke jiki, wani abu ne da ya faru da ni a garin nan."

"To ka gode Allah, na wanke maka abin kunya da yawa."

Abílio ya ja kujera ya zaunar da ita, shi kuma ya durƙusa a gabanta kamar mai neman gafara a coci.

"Dona Deolinda, saurare ni. Yagar nan ba ɓera ba ne. Mutane ne. Da haƙori ake yi. Wanda ya ƙaunace ka, sai ka miƙa masa bakin alkyabba ya ciza ya yaga. Gefen dama na abokai ne. Tawa ce ta farko a can, na kusa barin haƙori a ciki."

"Ka yi wa yadin da na saya haka, kuma kana faɗa mini da bakinka?"

"Gefen hagu na dangi ne."

"Babu komai a hagu."



"Ta tsakiya fa?" ta ce. "Wane kare ne ya yi ta?"

Abílio ya dubi Gaspar. Gaspar ya dubi ƙasa.

"Ta tsakiya," in ji Abílio, "ta mutum ɗaya ce. Wadda zuciya ta zaɓa. Ba a ɗinke ta sai in soyayya ta mutu. In ta mutu, sai ka ɗinke da zare mai launin karatunka ko nata, yadda duk wanda ya biyo bayanka a titi zai karanta. Ke kuma kin ɗinke da ja. Launinsa. Kin rataye a titin da kowa yake bi ya hau jami'a. A ranar da za a fara biki."

Deolinda ta ajiye ludayin a cinya.

Wayar Gaspar ta fara kuka a ɗaki. Ta Abílio ma ta ɗauka. Daga ƙasan titi wani ya ƙwala, "Gaspar, sannu da gwauranci!" aka bushe da dariya.

"Wace ce?" in ji ta.

"Kaka..."

"Tambayarka nake, ja'iri. Wace ce ta ci mini yadi?"

"Benedita. Tarihi take karantawa."

"Siririya? Mai gajeren gashi, da farar takarda ta gidan burodi a hannu?"

Gaspar ya ɗago da sauri. "Ina kika gan ta?"

"Ta tsaya a ƙasa tana kallon shanyar. Na ɗauka aikin ne ya burge ta. Har na ɗaga mata hannu." Ta gyara ludayin a cinya. "Na nuna mata ɗinkin, na yi mata haka da babban yatsa."

Abílio ya kwanta a ƙasa gaba ɗaya.

Gaspar ya sauka da gudu. Ya dawo da farar takardar, an ajiye ta a bakin ƙofa. Waina ce irin ta ƙwai da sukari, har yanzu da ɗuminta. Ya kira lambarta. Ta katse. Ya sake. A kashe.

Ya zauna a matattakala ya rufe fuska.

*

Deolinda ta bar shi ya ɗan huce, sannan ta zauna kusa da shi, gwiwoyinta suna ƙara.

"Tun yaushe?"

"Tun ina aji biyu."

"Kana zuwa gida kowane hutu, kana cin cukuna, kana kallon idona, ba ka taɓa cewa uffan ba."

"Ke kika ce ba ki aiko ni neman mata ba. Kika ce in kawo takarda tukuna."

"Na faɗa. To?"

"Yau da dare nake so ku haɗu, wurin waƙar buɗe biki. Shi ya sa ta sayo wainar, ta ji na ce kina so. Tsoronki take ji kamar me."

"Tana da hankali ke nan."

"Kaka, ba wasa nake ba. Ba don ita ba, da babu wani biki da za ki zo."

Ta juyo ta dube shi sosai. "Faɗi."

Ya kawar da kai.

"Ni zan faɗa," in ji Abílio daga sama. "Sanyin shekarar nan da kogi ya cika, ciwon huhu ya kwantar da shi. Ya faɗi jarrabawa biyu. Ya haɗa kayansa, ya ce shi ya gama, zai tafi Faransa aikin gini."

"Ƙarya kake. Kullum Lahadi yana kirana a waya. Ya ce mura ce."

"Ita take riƙe masa wayar, Dona Deolinda. Hannunsa ba ya iya ɗauka. Ita ta ɗauke jakar kayan ta ɓoye a gidansu. Kullum sai ta hawo da miyar kabeji. Ta zauna a bakin gadon nan tana karanta masa littattafan shari'a da ƙarfi, ita da ba ta san komai a ciki ba, yana gyara mata, har ya haddace. Ranar jarrabawa ita ta tura shi har ƙofar aji, ta zauna a ƙasa tana gadi kar ya gudo."



Ku da kuke bin labarin nan kun san ta. Matar da maƙwabciya ta ba ta aron gishiri ta mayar da ƙwai. Matar da har yau take kai wa gwauruwar mai tuƙin motar da ya kai mijinta asibiti zaitun ɗin fari, shekara da shekaru bayan an binne su duka biyun. A ƙauyensu babu ƙofar da take wucewa da sunkuyar da kai.

Ga shi yau an ce mata wata 'yar mutane ta tsare mata yaro daga mutuwa da Faransa, ita ko sunanta ba ta sani ba. Abin da ta saka mata da shi, babban yatsa daga taga.

Ta miƙe.

"Sauko mini da alkyabbar."

"Ba ta bushe ba, Kaka."

"Ban tambaye ka ba. Kai Dakta, tashi daga ƙasan nan, ɗauki tukunyar. Kai kuma sa wando, ba za ka bi ni kamar ɗan akuya ba."

"Ba za ta buɗe ba. Ba ki san ta ba in ta yi fushi."

"Ita ma ba ta san ni ba."

*

Haka suka fito. Deolinda a gaba, jiƙaƙƙiyar alkyabba a kwando, kwando a ka, ruwa yana ɗiga mata a wuya. Gaspar a baya. Abílio a ƙarshe da tukunya, yana gaisawa da jama'a kamar mai rakiyar gawa.

Gari ya cika da baƙaƙen alkyabbu. Ko'ina ƙyallaye, ja, shuɗi, ruwan goro. Ana ta nuna Gaspar da baki. Wasu 'yan mata suka yi masa "uuu", Deolinda ta tsaya ta juyo da kwandonta, suka shige kanti.

Gidan su Benedita yana can sama, sai an hau matattakalar nan mai karya ƙugu. A tsakiya ta tsaya ta huta. Wasu samari suka sauko ta gefensu suna waƙa, jakunkunansu da rawayan ƙyallaye.

Ta bi su da kallo.

"Dakta."

"Na'am, Dona Deolinda."

"Rawaya launin su wa?"

"Likitoci."

"Uhm."

Ta dubi Gaspar. Gaspar ya samu wani abu mai muhimmanci a kan takalminsa.

Ta shafa aljihunta, ta gyara kwando, ta ci gaba da hawa.

*

Ba Benedita ce ta buɗe ba. Wata doguwa ce, gashi a ɗaure tamau, kofin shayi a hannu. Telma ke nan, ƙawarta, ɗaki ɗaya suke kwana.

"Ba ta nan."

"Takalminta ne wancan," in ji Abílio.

"Takalmin yana nan, ita ba ta nan. Kai kuma, Gaspar, har kana da idon zuwa? Ko a waya ba ka iya faɗa mata ba, sai a igiyar shanya? Na sha gaya mata, halinka ne. In ka gama da mutum, allura kake nema."

Gaspar bai ɗago ba.

Deolinda ta sauke kwando a bakin ƙofa. Ta leƙa bayan yarinyar. A jikin ƙusa akwai jakunkuna biyu, ɗaya da shuɗin ƙyallaye irin na masu tarihi, ɗaya da rawaya.

"'Yar nan, ba ki gaishe ni ba."

Telma ta ɗan ja baya. "Ina kwana, Dona."

"Lafiya lau. Ba wurinki na zo ba, ba kuma zan shiga inda ba a ce in shiga ba. Zan zauna a nan. Ina da nama, ina da cuku, ina iya kaiwa jibi."

Ta zauna a dokin ƙofa, ta jawo alkyabbar ta shimfiɗa a cinya, ta ɗaga murya yadda take kiran awaki daga tsallaken kwari.

"Benedita! Sunana Deolinda. Ban yi makaranta ba. Na ga yadi ya yage na ɗinke, na ga datti na wanke, haka uwata ta koya mini. Shashashan nan yana ta sharar barci na yi aikina. In zagi ne, ni za ki zaga. Sauko ki zage ni a kusa, kunnena ɗaya ba ya ji."

Tagogin maƙwabta suka fara buɗewa.



"An ce ke kika dafa masa miyar kabeji. Ina so in ji ko kin sa dankali a ciki, ko ruwa kika ba marayan Allah!"

Daga saman bene wata murya mai toshewar hanci ta ce, "Na sa."

"Kin marmasa shi, ko gunduwa-gunduwa kika bari?"

"Na marmasa."

"To sauko in ga hannun."

Ta sauko a hankali, ido jajir, hanci jajir, ta tsaya bayan Telma. Ko kallon Gaspar ba ta yi ba.

"Da gaske ba shi ya sa ki ba?"

"Wannan? Tun yana goye bai taɓa sa ni abu na yi ba."

"Kin ɗaga mini yatsa."

"Ɗinkin ya yi kyau ne. Ki duba ki gani, ko a fushi kike ai ba za ki ce bai yi ba."

Wani abu ya kuɓuce wa Benedita, rabi kuka rabi dariya. Ta toshe baki.

Deolinda ta zaro allura, ta sa bakinta a ƙarƙashin jan zaren, ta bi shi ɗaya bayan ɗaya tana zarewa, a gaban idon kowa. Yagar ta sake buɗe baki. Ta naɗe zaren ta sa a aljihu.

"Ga taki na mayar miki. Amma ruwa ya taɓa ta, sabulu ya taɓa ta, sun ce ta mutu. In kin yarda, ki sabunta. In ba ki yarda ba, ban ga laifinki ba. Tukunyar nan dai taki ce ko ta yaya. Ba biya ba ne. Abin da kika yi ba ya biyuwa da naman akuya. Somin-taɓi ne."

Benedita ta durƙusa a gabanta. Ta shafa jiƙaƙƙen yadin, ta juya shi, ta kamo gefen hagu, wanda babu komai a jikinsa.

"Kin san me ya sa nan yake lafiya lau?"

"An ce na dangi ne."

"Ƙanin babansa ya zo bara, ya nemi ya yaga, ya hana shi. Ya ce babu haƙorin da zai taɓa nan kafin naki. Yau da dare ya so ya ba ki."

Deolinda ta dubi jikanta. Ƙaton saurayi, mai shirin zama lauya, yana share hanci da hannun riga.

"Ba zan sa baki ba sai kin fara," in ji Benedita.

"Ni? In yaga yadi mai lafiya? Da hankalina?"

"Haka ake yi, Kaka."

Kaka ta ce. Deolinda ta ji, ta yi kamar ba ta ji ba.

Ta ɗaga gefen ta duba saƙar. Yadi mai kyau, har yanzu. Tunda take ba ta taɓa yaga ko tsumma ba sai ta auna. Ta yi alamar gicciye, ta ce da akuyarta ta yafe mata, ta sa a baki, ta ciza, ta fizga.

Yadin ya ce kyat.

Haƙoranta na roba suka biyo shi, suka tsaya cak a jikin alkyabba suna murmushi su kaɗai.

Abílio ya kusa sakin tukunya. Mutanen taga suka ɗau tafi. Benedita ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har da hawaye, Gaspar ya faɗo ya rungume kakarsa ta baya yana cewa, "Kaka, Kaka," ita kuma tana dukan hannunsa.

"Sake ni, ɗan nema, miƙo mini bakina."

Ta goge su da gefen zane ta mayar, ta gyara zama kamar ba a yi komai ba.

Telma kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Tana jingine da ƙofa, kofinta a hannu.

Benedita ta share ido. Ta jawo tsakiyar alkyabbar, a karon farko ta dubi Gaspar.

"Ka ci sa'a, wawa."

"Na sani."

"Ka ce mini ni ce ta farko a nan, ni ce ta ƙarshe. Har yanzu haka ne?"

"Haka ne," in ji shi, da sauri.

Ta kai yadin bakinta.

Deolinda ta ji aljihunta ya yi nauyi. Ɗan zare ne, bai kai tsawon hannu ba. Ta rufe wurin da baƙi, ko ita sai ta laluba kafin ta gane. In ta yi shiru, babu mai sani har abada, yaronta ya yi biki da farin ciki, su koma gida. Jininta ne. Ita ta goya shi.

Sai dai yarinyar nan ta riƙe masa waya lokacin da hannunsa ba ya ɗauka. Ba a zuwa biyan irin wannan da ƙarya a cikin kwando.

Ta ɗora hannu a kan na Benedita.

"Dakata, jikata."

"Kaka, don Allah," in ji Gaspar a hankali.

"Kai za ka faɗa, ko ni?"

Ya sunkuyar da kai. 

Ta sa hannu a aljihu, ta tsallake jan, ta zaro ɗayan. Ta buɗe tafin Benedita ta ajiye mata shi, a naɗe kamar zobe.

"Wannan ba ni na ɗinka ba. A jiki na same shi, kusa da taki, an ɓoye a cikin naɗi. Ki tambaye shi. In amsar ta yi miki, sannan ki ciza."

Benedita ta dubi zaren.

"Rawaya," ta ce.

Ta dubi Gaspar. Shi ba ita yake kallo ba. Ta bi idonsa, ta juya a hankali, ta ɗaga kai.

Kofin da ke hannun Telma ya faɗi a dokin ƙofa ya tarwatse.